Ruwan da Likita Bai Sha Ba

Bana azumi cikin sanyi ya same mu. Tun safe ake yayyafi, irin na Birmingham da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa, kafin in gama suyar ƙosai har an kunna fitilun Stratford Road. Maƙwabciyata ta ce wannan ai ba azumi ba ne, hutu ne. Ka yi sahur, ka ɗan kishingiɗa, azahar da la'asar su zo kusan a manne, sai ka ji an ce a sha ruwa. Dariya kawai na yi mata. Ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, ba ta ga shekarun da rana ke ƙin faɗuwa ba. Ni na gani, kuma akwai guda ɗaya a cikinsu da har yau ba ta sake ni ba.

'Yata Ummi ce ta tono mini ita. Sunan surukata aka mayar mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidanmu. Ta gama karatun lauya, saura jarrabawa ɗaya a ba ta izinin aiki, kuma an sa mata ita a Manchester, da yamma, cikin goman tsakiya na azumi. Magariba za ta yi tana tsakiyar rubutu. Masu jarrabawar sun ce duk mai azumi ya sanar da su da wuri, za a bar shi ya shiga da ruwa da abin buɗe baki, a kuma tsayar masa da agogo ya yi salla.

Muna zaune bayan shan ruwa na tambaye ta ko ta sanar da su.

"Mama, I don't want to make a fuss," in ji ta, da Turancin nan nata na 'yan Birmingham da ake ja ta hanci. "Awa ɗaya ce fa. Zan jira in fito."

"Ke da ciwon kai ke kama ki tun la'asar? Lauyar da za ta tsaya wa mutane, ta kasa nema wa kanta dabino uku."

"Ba na so su ga kamar ina neman special treatment."

Mahaifinta yana gefe da kofin kunu a hannu. Ya ajiye kofin bai shanye ba, ya ɗauki rigar sanyinsa, ya ce zai tafi masallaci, alhali da sauran lokaci sosai kafin isha'i. Ummi ta bi shi da kallo. Ni kuwa na san abin da ya tashe shi, don maganar da ta faɗa tasa ce, harshe kawai aka canja.

Likita nake kiran mijina. Tun ranar da aka kai ni gidansa a Funtuwa haka nake kiransa, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Kuma likitan ne na gaske. Ya yi shekaru a wani asibiti inda sau da yawa shi kaɗai ne likita, shi ne na masu haihuwa, shi ne na waɗanda maciji ya sara, ya sha yin tiyata da hasken tocila in an ɗauke wuta. Gwamnatin jiha ta turo shi ƙarin karatu, muka biyo shi ni da Ummi tana 'yar firamare. Karatu ya ƙare, tallafi ya ƙare, ya ce zai gwada aiki a nan. Sai aka ce takardunsa sun yi, amma sai ya ci jarrabawar ƙasar kafin ya taɓa mara lafiya.

Ta rubutu bai sha wuyarta ba. Ta biyun ce ta tsaya masa a wuya. A Manchester ake yin ta, a wani gini mai ƙananan ɗakuna a jere. Kowane ɗaki akwai wanda aka ɗauka ya yi kamar mara lafiya, da mai ba da maki a gefe. Ka shiga, ka yi tambayoyi, ka yi bayani, a kaɗa ƙararrawa ka wuce na gaba, haka har kusan awa uku baki bai huta ba. Ba ilimi ne ke kayar da shi ba. A gida likita ke magana mara lafiya ya ce to, a nan kuwa sai ka tambayi mutum me yake tsoro, me yake zato, me yake so a yi masa. Ya yi ta faɗuwa har ya rage masa dama ɗaya, in ta wuce an rufe ƙofa. Ranar da ya samu gurbi kuma ta faɗo tsakiyar azumi, ba halin ɗagawa, don sakamakon ta rubutun ya kusa daina aiki. Kafin nan yana aiki a gidan kula da tsofaffi a Balsall Heath, yana yi musu wanka yana canja musu zanen gado.

A lokacin muna zaune a Sparkbrook, a wani flat da ke saman shagon yadi, can ƙarƙashin rufi. Gidajen ƙasar nan don riƙe ɗumi aka gina su, to shekarar sun riƙe. Taga ba ta buɗuwa sai kamar faɗin tafin hannu, kafet na fitar da wari, kwalta a titi ta yi laushi. Fankoki suka ƙare a shaguna. Turawa sun baje a kan ciyawa ba riga suna murna, mu muna bin gefen titin da ke da inuwa muna haɗiyar yawun da babu.

Amma zafin ba shi ne abin ba, tsawon ne. Alfijir na ketowa kafin ƙarfe uku, rana ba ta faɗuwa sai tara da rabi ta gota. Ƙarfe takwas na yamma ka leƙa waje ka ga gari tarwai, yara na buga ƙwallo, mai ice cream na zagayawa da kiɗansa, kai kuwa ko ɗaga hannu ba ka son yi. Ka sha ruwa, ka yi magariba, kafin abinci ya faɗa maka an kira isha'i da asham. Ka dawo ka ɗan runtsa, sai sahur, cikinka bai nemi komai ba ka tura masa dole. Kafin ka sallame asuba tsuntsaye sun fara kuka, haske ya fara shigowa ta labule. A watan nan ba a yin barci, satarsa ake yi, a bas ko a kan sallaya.

Gero babu shi sai wanda wani ya taho da shi a jaka. Wata 'yar Kano mai karatun digiri na uku ta raba mana nata, mu gida uku, na riƙa auna nawa da cokali ina haɗawa da oats don ya kai mu Salla. Tsamiya da dabino da kuɓewa a shagunan 'yan Pakistan nake samu. Bayan la'asar nake fara aiki. In jiƙa wake, in murje shi da hannu a roba, in markaɗa a blender da ke tsayawa in ta yi zafi, sai na jira ta huce. Ciyayya kuwa ba mu bar ta ba. In sauka da ƙosai wurin masu shago in hawo da samosa, wata 'yar Somaliya da ke ƙofa ta gaba ta miƙo shayinta mai kayan ƙamshi, ni in miƙa mata kunun tsamiya da ta ce ya yi mata tsami amma kullum sai ta dawo da kwanon a wanke.

Ni ce kuma mara lafiyarsa. In ya dawo daga aiki ya watsa ruwa, sai ya zaunar da ni a kujerar kicin, ya saita agogon waya, ya ƙwanƙwasa ƙofar firij a madadin ƙofar ɗaki. A watan nan na yi ciwon zuciya, na yi ciwon suga, na yi ɓari, na zama tsohon da ya ƙi daina shan giya, na zama uwar da ke faɗa don an bar ɗanta yana jira. Wannan ta ƙarshen ba sai an koya mini ba. Da Turancina na sakandare nake yi, ina juya miya da hannu ɗaya. Kuma ya iya, wallahi ya iya. Ya koyi sassauta murya, ya koyi yin shiru ya bar ni in gama, har wata rana ina wasan matar da aka gaya wa tana da ciwon daji na ji hawaye na gaske ya zubo mini. Abu ɗaya na lura da shi. In muka yi da safe ranar da ba shi da aiki, tas yake fita. In muka yi bayan la'asar, sai ya riƙa neman kalma, ya maimaita tambayar da ya riga ya yi, leɓɓansa na mannewa.

Jarrabawar ta rana aka ba shi, a fara ƙarfe biyu. Sai ga saƙo daga masu shiryawa cewa sun san watan azumi ne, duk mai so ya sanar da su a mayar da shi rukunin safe. Shi da kansa ya karanta mini, yana murmushi, kamar labarin wasu ne.

"To sai ka kira su," na ce.

"In ce musu me?"

"Ka ce kana azumi."

"Hajara, na yi azumi a Sakkwato cikin bazara lokacin bautar ƙasa, ina tsaye a kan marasa lafiya tun safe. Babana da azumi a bakinsa yake huɗa, daga hantsi har la'asar, ban taɓa jin ya ce wash ba. Ranar Ingila ce za ta sa in kai kuka?"

Nan muke yin kuskure mu mutanen Arewa, ba shi kaɗai ba. Da zafi muke auna azumi, shi ya sa muke raina na ƙasar nan. Na ce masa ya duba da kyau, in aka ƙirga awannin tun daga sahur, lokacin da zai fito daga ɗakin ƙarshe, da a Funtuwa ne da tuni an sha ruwa an ɗauke kwanuka. Babansa bai taɓa kai wannan tsawon da azumi ba, kuma in ya dawo gona barcinsa yake samu, kuma ba Turanci yake yi wa garma ba.

Ya yi dariya, bai kira ba. Na bi ta wata hanya. Na sa matar limamin masallacinmu ta tambayar mini, amsa ta dawo cewa daga Birmingham zuwa Manchester tafiyar ƙasaru ce. In ya tafi tun ana gobe ya kwana can, matafiyi ne, ya sha abinsa ya rama bayan Salla, ba laifi ko kaɗan. Na kawo masa wannan ina jin na gama da shi, tun da ga ƙofa biyu a buɗe, ta mutane da ta Ubangiji.

Ranar ne ya daina dariya. Yana zaune a bakin gado yana cire takalmin aiki, ƙafafunsa sun kumbura.

"Kin san sau nawa na ce please tun da muka zo ƙasar nan?" ya ce. "Na roƙi masu biza, na roƙi mai gida, na roƙi 'yan ƙaramar hukuma, na roƙi yarinyar da ba ta kai ƙanwata ba ta canja mini lokacin aiki. Yau da safe sai da na roƙi wani tsoho ya bari in wanke masa jiki. Abu ɗaya ya rage mini da nake yi da ƙarfina, ba da alfarmar kowa ba. Shi ma in kai shi ofis in ce a tausaya mini? Gobe a rubuta cewa likitan nan in yana azumi sai an lallaɓa shi?"

"Ba roƙo ba ne, su suka ce a faɗa."

"A gida ma haka ake cewa. Ki tambayi wanda ya taɓa ɗaga hannu a gaban mai jarrabawa abin da ya same shi."

"To sauƙin Allah fa? Shi ma rubuta ka zai yi?"

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi kwanaki ba na ce masa komai sai sannu da zuwa. Sau ɗaya na ɗauki wayarsa da niyyar in kira su da kaina, na ajiye, don na san in na yi haka ko ya ci jarrabawar ba zai yafe mini ba. Wa'adin sanarwa ya wuce muna kallo.

Muka tafi ana gobe jarrabawa, a jirgin ƙasa, muka bar Ummi wurin maƙwabta. Ciyawar da na saba gani shar a hanya duk ta yi ja. A unguwar Hulme ta Manchester muka sauka, gidan Hajiya Mariyama, Allah ya jiƙanta, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi mai aikin girki a wata makaranta. Ba mu haɗa komai da ita ba sai harshe da alƙibla, amma duk Bahaushen da jarrabawa ta kawo Manchester ya san ɗakinta na sama. Hausarta irin ta Gana ce mai daɗin ji, kuma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

Da sahur ta kawo shinkafa da wake irin nasu da yaji baƙi. Ta ga Likita ya zauna yana ci sosai yana ɗura ruwa, ta dube ni, ta dube shi.

"Ɗana, azumi za ka ɗauka?"

"In sha Allahu, Hajiya."

"Baƙona na bara ya sha, ya rama, yanzu yana can yana aikinsa. Allah bai ƙi shi ba."

"Kowa da yadda ya saba, Hajiya."

Ta ce to, ta ƙara cika masa kofi, ta tsaya a kansa sai da ya shanye.

Yinin nan ya fi duk sauran nauyi. Ba iska ko kaɗan. Hadari ya haɗu tun hantsi ya tsaya a kan gari, bai zuba ba bai watse ba, sai gumi. Na goge masa farar riga da baƙin wando. Ya ƙi in raka shi. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa har ya sha kwana wajen tashar bas, kafin ya ɓace bayan rigar ya riga ya jiƙe.

Na wuni ina taya Hajiya aiki don kada in zauna. Muka tsince shinkafa, muka yanka albasa, muka dama koko mai citta irin na zango. Duk sanda na ɗaga kai sai idona ya faɗa kan agogon bango, har ta gaji ta tashi ta cire shi ta kife a kan firij. Da la'asar ta yi, ni da ke zaune a inuwa ba na magana da kowa, harshena ya zama kamar tsumma a bakina. Na riƙa tuna shi yana shiga ɗaki yana fita, yana murmushi, yana tambayar mutane me suke tsoro. Ban taɓa yin addu'a irin ta ranar ba.

Ya dawo wajen shida. Ban tambaye shi komai ba, fuskarsa ta isa. Leɓɓansa sun yi fari sun tsage, idanunsa sun faɗa. Ya yi sallama da muryar da ban san shi da ita ba, ya wuce banɗaki, ya zauna a ƙasa kan tayil ya jingina da bango, riga da takalmi duk a jikinsa. Kuma da sauran tafiya mai nisa kafin a sha ruwa. Na jiƙa tawul na ɗora masa a kai. Na ce, "Jikinka ba daidai yake ba, ko malami zai ce ka sha." Ya girgiza kai.

Ana dab da magariba ruwan ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, irin na farkon damina a gida, yaran unguwa suka fito suna tsalle a ciki. Da lokaci ya yi Hajiya ta miƙa masa dabino da kofi. Ya riƙe kofin da hannu biyu, ya sha, ya sauke, ya ce, "Alhamdu lillahi, azumi ya cika." Iyakar abin da ya faɗa game da ranar ke nan.

Sakamako ya zo bayan Salla. Ɗakunan farko duk ya ci su. Na ƙarshe-ƙarshen ne suka kayar da shi, kuma da kaɗan ya rasa. Ya nuna mini, ya rufe kwamfuta, ya ce, "Daga yau ki daina kirana Likita."

"Da wane sunan zan kira ka?"

"Baban Ummi ya isa."

Ban daina ba. Ba shi kaɗai aka raba wa taurin kai ba. Shi kuma daga ranar bai ƙara amsawa ba. In na ce Likita sai ya yi kamar da bango nake, sai na ce Baban Ummi ya ɗago. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, har Ummi ta ɗauka wasa ne a tsakaninmu. Komawa gida ya yi ta cewa baɗi, karatun yarinya ya riƙe mu, baɗin ba ta zo ba. Yanzu ɗibar jini yake yi a wurin wani GP, likitan unguwa. Tsofaffi layinsa suke nema, wai ba sa jin shigar allurarsa.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushinsa, kuma na daɗe ina ji. Duk azumin da ya zagayo sai abin ya taso mini ina tsaye a kan kasko. Ina ganin girmansa ina jin haushinsa duk a lokaci ɗaya, kuma ban samu wanda zan gaya wa ba, don duk wanda ya ji labarin cewa yake yi ma sha Allahu, mutumin kirki, bai sayar da azuminsa ba. Sai in ce haka ne, in yi shiru.

Washegarin ranar da Ummi ta yi maganar fuss, ya dawo aiki da wuri. Ina suya a kicin, ita tana kan teburi da littattafanta. Ya ja kujera ya zauna a gabanta, ko rigar ruwa bai cire ba.

"Ummi, zan gaya miki abin da ko mamanki ban gaya wa ba."

Na rage wuta.

Ya ce ɗakunan farko lafiya lau ya yi su. Daga tsakiya ya fara jin muryar mutane kamar daga bayan bango. Akwai ɗakin hutu da aka ajiye ruwa da kofuna, ya shiga ya zauna ya juya musu baya. Da ya kai na kusa da ƙarshe ya tarar da wata tsohuwar Baturiya, wai ƙirjinta ke ciwo. Ciwo ne da ya sha yi wa mutane magani, ko daga barci aka tashe shi ya san abin yi. Ya zauna ya fara yi mata tambayoyi a natse, yana jin daɗin yadda maganar ke fita ba gargada, sai ya ga tana kallonsa kawai, mai ba da maki kuma ya daina rubutu.

"Da Hausa nake yi mata," in ji shi. "Sannu Iya, tun yaushe ya fara, yana sauka hannu? Ban san sanda na juya ba. Na nemi Turancin in dawo, na rasa ta inda zan kama shi."

Ummi ta ajiye biro.

"Da aka kaɗa ƙararrawa matar ta bar wasan. Ta ɗauki ruwanta ta miƙo mini, ta ce, have a sip, love. Ba ta san ni ba, ba ta neman komai a wurina. Na ce mata no, thank you." Ya kalli hannunsa. "Ruwan ban yi nadamar ƙinsa ba, na riga na ɗauki azumi. Fuskarta nake tunawa. Na ɗauka duk wanda ya miƙo maka abu a ƙasar nan so yake ya ga ka durƙusa. Ita dai mai ƙishirwa ta gani."

"Baba, nawa ai bai kai naka ba. It's just an hour."

"Nawa ma kiran waya ɗaya ne," ya ce. "Ki sanar da su. Ba abin da zai ragu a azuminki. Akwai mutanen da za su zo wurinki wata rana da damuwarsu, kada ki bar su a hannun wani saboda kunyar dabino."

Ƙosaina ya ƙone ranar, haka muka ci shi. Ta sanar da su kafin a sha ruwa, washegari amsa ta zo cewa sun amince, ba wani tambaye-tambaye.

Ranar jarrabawa ya ɗauki hutu, ya ce shi zai raka ta. Ƙa'idarsu ita ce gora ta zama fara ba rubutu a jiki, abinci kuma a leda mai nuna ciki. Da safe na same shi a teburin kicin ya sa tabarau, yana ɓare takardar jikin gora da farce, a hankali, yana goge danƙon da ruwan ɗumi. Ya tsaga dabino uku ya cire ƙwallayen don kada ta rasa inda za ta zubar, ya jera su a leda ya ɗaure. Hannun nan ne da ya ciro jarirai da hasken tocila. Na koma ɗaki don kada ya ga fuskata.

Na wuni ni kaɗai, ana ta yayyafi. Ko za ta ci ko ba za ta ci ba, har yanzu da nake wannan maganar sakamako bai fito ba. Da magariba ta yi, na kai dabino baki ke nan wayata ta yi ƙara. Ina jin motoci da ruwa a bayansa. Ashe bai nemi wurin fakewa ba, yana tsaye a ƙofar ginin.

"Hajara, lokaci ya yi a nan," ya ce. "Yanzu haka tana sha."

"In sha Allahu."

Bai kashe ba, ina jin numfashinsa. Na ce, "Likita."

"Na'am," in ji shi.

Na manta abin da zan faɗa. Sai can na ce masa shi ma ya sha ruwa, kada ya tsaya jira.